Gargadar Amurka

Baba ya zo New York ne don a duba masa ido, amma tun muna cikin tasi daga filin jirgi abin da ya fara tambayata shi ne ina babbar hanyar take. Na ce wace hanya kuma, ba ga mu a kan hanya ba? Ya yi tsaki. Ya ce ba wannan ta cikin gari da ake tafiya kamar masu rakiyar amarya yake nufi ba. Hanyar matafiya yake nufi, wadda ake cewa sai mutum ya wuni yana gudu bai faɗa rami ko ɗaya ba.

Mahaifina direban tirela ne. Tun kafin a haife ni yake Kano zuwa Legas, Legas zuwa Kano, kuma da don ta shi ne da har yau yana kai. Yayyena maza ne suka haɗa baki suka ɓoye makullin, bayan ranar da ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa falwaya doguwar gaisuwa har da tambayar iyali. A garejinsu akwai wata tsohuwar kalanda da ta daɗe a bango, ba wanda ya cire ta saboda hoton da ke jiki. Wata baƙar hanya ce shimfiɗe tsakanin tuddai, sumul, ba rami, ba kasuwa a gefe, an ce a Amurka take. Direbobin garejin sun rabu biyu a kanta. Wasu suka ce zane ne, ba yadda za a yi kwalta ta yi wannan kyau alhali tirela tana bi. Baba yana cikin masu cewa gaskiya ce, kuma shi in ya kafe a kan magana, sai dai ku gaji ku tashi ku bar masa bencin. Ni ma a wurinsa na gado, ba sai an gaya min ba.

Likita ta gama haske-haskenta ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba dawowa. Na dama saura ɗan kaɗan, za su yi aiki ranar Litinin ko za a iya riƙe abin da ya rage, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ni ce tafinta, sai na rage wa maganar kaifi, na ce masa an ce in sha Allahu za a dace. Muna shiga lifta ya juyo wajena.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa min, ko da yake hakan bai taɓa hana shi yi min faɗa ba. "Na ji muryar matar nan, ba sai kin fassara ba. Kafin su taɓa min idon nan, ki kai ni in ga hanyar."

Asabar kaɗai ta rage mana, don sauran ranakun ina da aiki. To wa zai ja motar? Maigidana tebur gare shi a titin Fordham Road a nan Bronx, yana sayar da huluna da bel da tabarau, Asabar ce ranar kasuwarsa, kuma shi da sitiyari sai dai kallo daga nesa. Ni ce mai lasisi. Na yi shi ne tun farkon zuwana, lokacin da aka ce min aikin kula da tsofaffi ya fi samuwa ga mai tuƙi. Na ci jarrabawar da ƙyar da addu'a, na jefa shi a jaka, tun daga nan amfaninsa ɗaya, nuna wa masu gadi. Daga unguwarmu ta Concourse Village jirgin ƙasa ke kai ni ko'ina, me zan yi da mota?

Da na gaya wa Baba za mu yi hayar mota kuma ni zan ja, sai ya hau murza gemu.

"Ke?"

"Ni."

"To. Allah ya sa mu cika da imani. Zan zauna a gaba in riƙa gaya miki abin yi, tunda 'yar koyo ce."

Bai jira Asabar ba ma. A ranar, ina tsakiyar tuƙa tuwo, ya kira ni falo ya zaunar da ni a kujera, ya miƙo min murfin tukunya ya ce sitiyari ne. Ya jera takalma uku a gabana, kuloci da birki da totur. Na ce masa motocin nan ba su da kuloci, ya ce wannan zancen malalata ne. Haka na zauna, mace da girmana, ina juya murfin tukunya ina taka silifa, shi kuma yana yin ƙarar inji da baki yana cewa ga tanka nan ta taho, ga shanu suna tsallakawa. Maigidana ya shigo ya same mu a haka, ya yi sallama, ya juya ya fita, ina jin dariyarsa tun daga matakala. Tuwon ranar da ƙauri muka ci shi.

Tun zuwansa Baba ya yi aboki, wani Alhaji mutumin Maraɗi mai kanti kusa da teburin maigidana, yana sayar da atamfa da turare da garin kunu. Nan Baba yake wuni, suna shan shayi suna gyara duniya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je tafiya da shi gida, na tarar sun tara kaya a tsakiyar kantin. Jar jarka, galan na ruwa saboda lagireto, baƙin mai, igiya, tocila, fambel da ba wanda ya san na wace mota ne, da wani guntun katako da Alhaji yake tokare ƙofa da shi, wai na tare taya ne in mun tsaya a gangare.

"Baba, mene ne wannan? Ba fa Agadas za mu ba."

Alhaji ne ya amsa. "Hajiya, tahiya ba a yin ta hakanan. In mota ta yi pan ta tsaya cikin daji, mi za ki yi? Bon, bidon ga, ku cika shi da esans tun cikin gari. Ba a sanin inda za a iske layi." Jarkar yake nufi, wai mu cika ta da fetur.

"Alhaji, duk daɗewarka a ƙasar nan ka taɓa ganin layin mai?"

"Ban taɓa ba," in ji shi, ko a jikinsa. "Amma ranar da za a hwara, wa ya sani?"

Na kwashi kayan a babbar jaka ina ƙunƙuni, su kuma suka bi ni da addu'a.

Asabar da sassafe muka isa wurin hayar, ni da Baba da jakar. Wata yarinya mai dogayen farata tana taunar cingam ta duba kwamfuta ta ce motar da na kama ta waya ba a dawo da ita ba. Guda ɗaya ta rage, fara, mai aiki da lantarki, a cike take da caji. In ba ita ba, sai Litinin. Litinin! Na ce ba ni ita. Wannan ɓangaren ban fassara wa Baba ba. Shi kuwa yana gefe yana zungurina, wai in ce mata ta kira mai motar su gaisa ya tambaye shi halinta, don kowace mota da halinta, wata ba ta son safiya, wata sai an lallaɓa ta a hawa. Na ce masa mai motar ya yi tafiya.

Muka same ta a layin ƙarshe, fara tas, sai ƙyalli take. Baba ya naɗe hannun riga ya ce ba mai shiga sai ya duba ta. Ya bi tayoyin yana harbi da ƙafa yana saurare. Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube. Ya daɗe yana lalube.

"Uwata, an sace salansa."

"Baba, tashi, za ka ɓata rigarka."

"Na ce miki ba salansa! Buɗe min bonet."

Na yi ta dube-dube har na gano inda ake dannawa. Murfin ya ɗaga. Baba ya sunkuya, ya kai fuskarsa kusa, ya zura hannu biyu. Ba komai a ciki sai wani kwano na baƙar roba, wayam, wanda zai ci jakar matafiyi. Ya ɗago a hankali.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sun cire injin. Maza koma ki gaya wa yarinyar nan tun kafin su ce mu ne. Ki ce ta zo ta gani, ko taɓawa ba mu yi ba. Kai, mutanen nan! Wato sun ga baƙi."

Dole na fito da gaskiya. "Ba ta shan mai, Baba. Da wuta take aiki, kamar waya. Caji ake yi mata."

Ya dube ni, ko in ce ya dubi wajen da muryata take.

"Wutar lantarki?"

"E."

"In aka ɗauke wuta muna tsakiyar hanya fa?"

"Batir gare ta."

"In batirin ya ƙare, aka je caji aka tarar ba wuta fa?"

"Baba, a nan ba a ɗauke wuta."

"Haka kowa yake cewa kafin a ɗauke."

Ya sa na kira masa Alhaji. Ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar. "Subhanalla! Ta kuran ce? To ku biyo ku ɗauki ɗan gurup ɗina ku sa a baya." Kuran wutar lantarki ce a bakinsu, gurup kuwa janareto. A nan haƙurina ya ƙare. Na ƙwace wayar na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma in ka ƙara ba shi wata shawara, yau a kantinka zai kwana." Na kashe.

Baba ya koma gaban motar. Ya kwashi fambel da baƙin mai da igiya da tocila da katakon, ya jera su cikin kwanon nan da kyau, ya rufe bonet ya daddaɓa shi. "To," ya ce, "ko ba komai yanzu akwai wani abu a ciki."

Muka shiga. Ya yi addu'ar tafiya ya tofa ta ko'ina, ya sa ni ma na yi. Na taka birki na danna maɓalli, allo ya kawo haske. Na lallaɓa na fita daga layin, na zagaya, na kai bakin ƙofa, na hau titi.

"To ki ta da ta mana, rana tana yi."

"Ai tafiya muke, Baba."

Ya waiga baya da sauri. "Wa ke tura mu?"

Wallahi dariyar da na yi, saura kaɗan in hau kan wani mai keke.

Gidan man farko da muka zo wucewa, ban san yadda aka yi ya gane ba, ƙila wari ya ji, ya ce in tsaya a cika jarka. Na tuna masa motar ba ta shan mai. Ya ce ya ji, amma shi bai taɓa barin gari ba mai a jarka ba, kuma ba da tsufansa zai fara ba. In mu ba mu buƙata, ai za mu iya tarar da wani bawan Allah a hanya da nasa ya ƙare. Na ga in na tsaya musu a nan za mu yi azahar. Na faka motar lantarki a gaban famfon mai na fito da jarka. Wani mutum da ke shan mai a gefe ya saki baki yana kallona, har ya ɗaga waya zai ɗauke ni hoto. Na watsa masa wata harara, ya mayar da ita aljihu. Jarkar Alhaji kuma ashe murfinta ba ya rufuwa sosai, kafin mu kai danja ta gaba warin fetur ya cika motar. Ni ina yamutsa fuska, Baba ya ja dogon numfashi ya gyara zama.

"Yawwa. Yanzu ta fara warin mota."

Fita daga Bronx da safiyar Asabar, ga wanda ya iya ma aiki ne. Ni kuwa na ƙanƙame sitiyari, na kafa hanci a gilashi, ina jan ƙafa. Na baya suna ta danna min hon, masu wucewa suna ɗaga min hannu, kuma ba na gaisuwa ba. Ita ma motar, da ba ta da bakin yin ƙara irin ta motoci, ashe tana da bakin tsegumi, da na ɗan kauce daga layi sai ta hau ƙit-ƙit-ƙit. Ga matar cikin waya mai nuna hanya tana cewa in yi dama, in yi hagu. Baba ya tambaya ko wace ce, na ce masa na'ura ce. Ya ce ko ma wace ce ba ta da tarbiyya, tun ɗazu take magana ba ta gaida kowa ba. Daga nan duk abin da ta faɗa sai ya faɗi kishiyarsa.

"Sa giya ta uku."

"Ba ta da giya."

"Ba inji, ba giya, ba salansa. To me muka yi haya, kujeru? Wannan da ya wuce, danna masa hon ki gaishe shi."

"Zagina ya yi, Baba."

"To danna masa da kyau. Kwana ce a gaba? Ba a shiga kwana ba hon. Wai wa ya koya miki tuƙi ne? Rage! Taka! Ba haka ba, 'yar koyo, ba haka na nuna miki da murfi ba!"

A daidai nan wata babbar mota ta matse ni wajen hawa babbar hanya, na ga mutuwa ƙiri-ƙiri, kaina ya ɗau zafi.

"Baba, don girman Allah, ko ka yi shiru, ko in faka ka zo ka karɓa!"

Maganar tana fita na so in kamo ta. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, hannuwan nan da sitiyari ya yi wa kanta, ya ce, "Da zan iya, ai da na karɓa." Kunya ta kama ni, da haushin kaina. Muka yi tafiya mai nisa ba mai magana, motar ma ba ta taimake mu da ko tari ba.

Shi ya fara sakkowa. Ya tambaya wai har yanzu ba mu zo inda ake talla ba, bai ji mai ƙwai ba, bai ji mai rake ba. Na ce babu su a nan. Ya ce to matafiyi me yake ci a ƙasar nan, iska? Ya laluba aljihu ya fito da goro, ya ɓara, ya miƙo min rabi. Ni ba na cin goro, amma na san na sulhu ne, na karɓa na tauna da ɗacinsa.

A hankali gidaje suka ja baya. Muka haye wata doguwar gada a kan kogi mai faɗi, hanya ta fara hawa tsakanin tuddai. Lokacin da sanyi ke shirin shigowa ne, ganyen bishiyoyi duk ya juye, ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, har iyakar gani. Motoci suka ragu. Muka hau wani tudu, sai ga ta a gabanmu, baƙa wuluk, shimfiɗe, ta miƙe ta gangara ta sake hawa can nesa, ba rami, ba faci. Ni da ban taɓa ganin kalandar garejin ba sai a bakin Baba, na san ita ce.

"Baba! Ga ta nan. Ga hanyarka."

Ya matso gaba har bel ya riƙe shi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya fito da hankici ya goge gilashin motar ta ciki. Ya ce in kunna waifa, gilashin ya yi datti ta waje. Na kunna, ta share gilashin da ba abin da ya same shi. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya kare rana da tafin hannu. Na rage gudu iya yadda ake iya ragewa a babbar hanya.

"Akwai rami?"

"Babu."

"Faci fa?"

"Ko ɗaya."

"Gefen nan mene ne?"

"Bishiyoyi ne, jajaye."

"Jajaye," ya maimaita. Ya koma ya jingina. "Fari kawai nake gani, Uwata. Fari, da wani duhu-duhu a ƙasa. A ɗaki ma na fi gani. Ashe na makara."

Na kafa ido a kan hanya.

"Da mai inji ce," ya ci gaba a hankali, ba faɗa, "ko ido rufe zan gaya miki gudun da muke yi, in gaya miki hawa muke ko gangara. A kujera nake jin hanya, da ƙafa, da kunne. Wannan kuwa kamar ina zaune a falonki. Ba laifinki ba ne."

Wannan ba laifinki ba ne ɗin shi ya karya ni. Da faɗa ya yi, da na rama. Rana ɗaya tak muke da ita, ni kuma na karɓo motar da ba ya gani a cikinta, ba ya ji. Tausayinsa ya cika ni, hawaye suka taru min, na juya in dube shi. 'Yar koyo kuwa in ta juya kai, hannu ma binsa yake yi.

Gurrrrrr!

Motar gaba ɗaya ta ɗauki rawa. A gefen manyan hanyoyin nan akwai wasu tsage-tsage da ake yi wa kwalta da gangan, don direban da gyangyaɗi ya ɗauka, in ya kauce ƙarar ta tashe shi. Su na hau. Sitiyari yana karkarwa, kujeru suna karkarwa, katakon Alhaji da tocila suna ta kaɗe-kaɗe a cikin bonet, motar ta hau ƙit-ƙit ɗinta ba ƙaƙƙautawa. Na yi salati na dawo kan layi.

Sai na ji dariya. Baba ne, ya dafe gaban motar da hannu biyu, baki har kunne.

"Allahu akbar! Ashe akwai ƙasa a ƙarƙashinmu! Uwata, wannan ai Mokwa ce! Wallahi kamar an wuce Mokwa da lodin albasa!"

Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin a ɓoye masa makulli.

Na dubi madubi. Ba kowa a bayana sai can nesa. Na ƙara rage gudu, na yi bismilla, na ɗan saki tayoyin dama suka sake taɓa wurin. Gurrrr. Motar ta yi ƙorafi. "Ƙyale ta," in ji Baba, "ba ta san daɗi ba." Ya lalubi maɓalli ya sauke gilashi, ya ce ni ma in sauke nawa. Iska ta shigo ta tafi da hularsa kujerar baya, bai ko waiga ba. Wata tirela ta zo wucewa ta hagunmu da rurinta, ya ɗaga mata hannu yana ihu ta saman kaina, "A sauka lafiya! A gaida mutanen Legas!"

Ba zan ce abin da na yi daidai ne ba, kuma duk wanda ya ce zai gwada, ba ni na aike shi ba. Amma haka muka yi ta yi. In hanya ta yi fili in ɗan taɓa, in na hango mota in koma layi in zama mutuniyar kirki. Shi kuma yana ta zuba, wai nan Jebba ce, nan ne taya ta taɓa fashe musu suka kwana cin rogo, nan ne wani karen motarsa ya yi barci a kan buhuna aka wuce garinsu da shi. Ya manta da giya ta uku, ya manta da matar cikin waya.

Can ya ce, "Uwata."

"Na'am."

"Na san da gangan kike yi."

"Hannuna ne yake kuɓucewa, Baba. Ka san 'yar koyo."

"Ƙarya kike yi." Ya goge ido da hankicin da ya goge gilashi. "Ɗan ƙara kaɗan, direba."

Ni ma a lokacin ba sosai nake ganin hanyar ba, amma na ƙara.

Mun yi azahar a wani wurin hutawar matafiya, muka ci dambun naman da na taho da shi, na jona motar a caji. Baba ya ƙi matsawa ko'ina, ya tsaya a jikinta yana riƙe da wayar cajin, wai in aka ɗauke wuta a sani da wuri. Ba a ɗauke ba, kuma na ga alamar hakan bai yi masa daɗi ba. Man jarka ma ba mu sami wanda nasa ya ƙare ba, Alhaji muka kai wa ya zuba a gurup. Da na mayar da motar kafin magariba, yarinyar mai cingam ta buɗe ƙofa, ta shinshina, ta dube ni, ta sake shinshinawa. Ta ce tunda take aikin nan ba ta taɓa jin motar lantarki tana warin fetur ba. Na ce ni ma. Katakon kuwa a bonet muka manta shi, har yau in na wuce kantin Alhaji sai ya tambaye ni.

An yi aikin ranar Litinin. Abin da aka iya riƙewa kaɗan ne. Yana bambance dare da rana, yana gane in mutum ya gifta ta gabansa. Ya koma Kano, kullum da hantsi ana kai shi gareji ya zauna a benci ƙarƙashin kalandar. Ranar da ya fara zuwa, in ji babban yayana, direbobi suka kewaye shi kowa yana jiran hukunci, tunda ga wanda ya je ya dawo. Baba ya sha shayinsa, ya sa aka yi shiru, sannan ya ce su yafe masa, shekara da shekaru yana musu a kan kuskure. Hoton nan zane ne. Hanyar Amurka gargada ce tun daga bakin gari har daji, haƙoransa saura kaɗan su zube, Allah dai ya taimake shi ya haɗa shi da direba mai hannu.

Yayan nawa ya kira ni a waya ransa a ɗan ɓace, wai tsoho yana ba mutane dariya. Ya ce in gaya masa gaskiya don ya san yadda zai gyara maganar, da gaske haka hanyar take?

Na ce, "Yaya, ni na ja motar. Gargada ce."